Tukunyar Da Na Zuba Wa Yayata

Edita, sallama gare ka da masu karatu. A ƙarshen shekarun tamanin ni saurayi ne mai zubin tukwanen dalma a Hadejia, rumfata tana bakin kogi. Hannuna yana da kyau, kaina ne ba ya zama wuri ɗaya. Ina zuga wuta ina kallon kwale-kwale suna ratsa ruwa, har gawayi ya cinye ban sani ba. Abokan sana'a kan ce jikina ne kawai ke zuwa aiki, hankalina yana can yana su.

Yayata, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana Auyo tana turara shinkafa ta sayar, da shi take riƙe marayunta. Ƙananan tukwane take jerawa, itace yana cin ribar. Na yi mata alkawarin tukunya ɗaya da za ta ɗauki buhu guda. Ta yi dariya, ta ce in dai ba irin alkawarin da na yi mata na sayen jirgin sama ba ne, tana jira. Na yi watanni ina tara tsofaffin fistin na injin mota da fasassun tukwane, ina ganin tukunyar a ido tun ba a zuba ta ba, fara tas, tururi yana tashi, yayata tana tsaye a kanta.

Akwatin yashin da za a zuba narkakkiyar dalma a ciki ya fi ƙarfin rumfata, sai na haƙa rami na binne shi. Lokacin kogi ya cika ya malala fadama. Gefen ramin da ke kallon ruwa ƙasarsa sanyi ƙalau, ɗaya gefen kuma yana manne da murhun da ya wuni yana ci. Na san dalma tana son zafin da ke kewaye da ita ya zama ɗaya, ta daskare a tare. Na sani sarai. Amma yammacin nan ruwa ya yi shiru, fararen balbelu suna sauka a kan shinkafa, sai na ji kamar ba abin da zai ɓaci a irin wannan rana. Na zuba.

Gefen kogi ya daskare da wuri, jikinsa sumul. Gefen murhu ya daɗe yana ruwa-ruwa, ƙwayar ƙarfensa ta fito manya kamar tsakin masara. Inda suka haɗu wani siririn layi ya bi tukunyar daga baki har gindi. Na shafa shi da yatsa, wallahi kyau ma ya yi mini. Na goge shi ya ɓace, muka ɗora ta a kwale-kwale zuwa Auyo, ina zaune kusa da ita kamar ango.

Kaka ɗaya ta yi tana aiki. Wata safiya, tana cike da tafasasshen ruwa da shinkafa, yayata ta sunkuya za ta tura itace, tukunyar ta tsage ta daidai wurin layin nan. Ruwan ya sauka a ƙafafunta. Ta daɗe a kwance, da ta tashi kuma jijiyoyin sun ƙanƙance, tsayuwa ta gagare ta. Na durƙusa na faɗa mata abin da na gani na goge. Ta ce ƙaddara ce, in share hawayena, girma ya kama ni. Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Abin da na koya shi ne, ƙarfe ba ya manta yadda ya huce, ko an goge fuskarsa. 'Yan'uwana masu zubi, ku dafa ƙasa da tafin hannu ta kowane gefe kafin ku zuba, in wani gefe ya fi wani sanyi ku haƙura. In kun ga layi ku fasa ku sake narkawa, domin mutum ne zai tsaya a gaban abin da kuka ƙera. Daga baya abu ɗaya yayata ta roƙe ni, wai in zuba mata 'yar ƙaramar tukunya, wadda za ta iya saukewa daga zaune.