Ranar da Kwamiti Ya Ci Zakarun Maman Rejoice

Susanna, wadda duk unguwar Muchia ke kira Maman Rejoice, mace ce da ba ta iya barin baƙo ya fita gidanta bai sa komai a baki ba. Ko mai kawo takardar kuɗin wuta ne ya leƙo, sai ta miƙa masa kunu. Tun rasuwar mijinta Gabriel take soya awara a Samaru, kusa da ƙofar jami'a. Da sassafe ta hau bas da bokitinta, da yamma ta dawo tana ƙaurin mai. Katanga ɗaya ta raba gidana da nata, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

'Yarta Rejoice akwai kai. Da sakamakon jarrabawa ya fito, hanya biyu ta buɗe mata. Ga kwalejin horar da malamai, wadda kuɗin awara zai iya ɗauka da ƙyar. Ga kuma jami'a, karatun harhaɗa magunguna, abin da yarinyar ke so kamar ranta, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin kasko nesa ba kusa ba. Cocinmu kuwa yana da tallafi: duk shekara a zaɓi ɗalibi ɗaya, wanda ya fi kowa buƙata, a ɗauke masa komai har ya gama.

Na ce, "Maman Rejoice, ki biya na kwalejin nan ki riƙe a hannu tukuna."

Ta ce, "Haba Yaya! In biya kwamiti ya ce ashe ina da hali? Ai duk coci an san ni gwauruwa ce." Tana ji tana gani aka rufe rajistar kwaleji.

Sai aka aiko cewa kwamitin tallafi zai zo ranar Asabar ya ga yadda suke zaune. To nan fa! Ita a wurinta ba bincike za a zo yi ba, manyan baƙi za ta yi. A ƙauyensu an koya mata babban mutum ba ya zama a tabarma a gidanka. Ta aro kujerun kushin wajen wata matar soja a Basawa, ta aro labule, ta aro talabijin da ko kunna ta ba a yi ba. Ta taɓa ajiyarta ta sayo zakaru biyu da shinkafa 'yar waje da lemon kwalba. Na yi magana har bakina ya gaji. Rejoice ta durƙusa ta ce, "Mama, don Allah ki bar ɗakin yadda yake." Uwar ta daka mata tsawa: "So kike a ce gidan Gabriel ba a san darajar mutane ba?"

Su uku suka zo, Madam Christabel shugabar kwamiti a gaba. Kai, in kun ga ci! Har ƙashi suka tauna, ragowar aka ƙulle musu a leda. Babu wanda ya leƙa ƙuryar ɗaki inda rufi ke yoyo a kan katifa. Suka yi doguwar addu'a suka tafi.

Ranar Lahadi a coci aka kira sunan wanda ya samu tallafin: Kingsley, yaron da ubansa ya kai babur da janareto gidan ƙaninsa kafin kwamiti ya iso. Susanna ta bi Madam Christabel har bakin mota.

"Mama, ina batun 'yarku Rejoice?"

"Haba Susanna, ki ji tsoron Allah mana. Mai kushin da talabijin, mai yanka zakara biyu? Ki bar wa mabuƙata."

"Aro na yi, Mama."

"Au, ashe kwamiti kika yaudara ke nan."

Har yau in na tuna, raina tafasa yake yi. Kafin Madam Christabel ta ja ƙofar mota ta ƙara da cewa, "Amma fa hannunki da daɗi. Za mu yi wa Kingsley liyafa, ke za ki dafa mana."

Na ce wa Susanna in ta je ba ni ba ita. Ta ce manya sun sa ta aiki, ta ce a'a? Ta je ta dafa, Rejoice ce ke raba faranti. Da aka fito da Kingsley gaba, kowa ya kama tafi, yarinyar tana tsaye da tire a hannu. Madam Christabel ta hango ta, ta ɗaga murya: "Rejoice, ajiye tiren nan mana ki tafa wa ɗan'uwanki!"

Ta ajiye, ta tafa.