Ranar da Manoman Ƙauyenmu Suka Zaɓe Ni

Ina cikin yi wa manoman ƙauyenmu da ke kusa da Suki tambayoyin bincike, sai Kawu Bello ya katse ni.

"Ya duktur, wakilcin nan da kake koyarwa a jami'a, ka taɓa yin shi?"

Na ce a'a.

"To dawarmu na bushewa. Kai munka zaɓa, tafi wurin mufattish mai rabon ruwa."

Na daɗe ina nazarin 'yan majalisa, amma a ofishin nan sai da na yi ta laluben abin faɗa. Duk da haka na isar da kukansu, washegari ruwa ya shigo gonaki.

Kawu ya tsaya cikin ruwan yana dariya: "Mun ƙara maka wa'adi na biyu."

Ashe ɗaukar maganar jama'a nauyi gare ta. Ku fa, an taɓa ɗora muku?