Inna Dijatu Mai Duban Jijiyar Ganye

Kafin rana ta yi zafi, Inna Dijatu ta gama ban-ruwa a gandun rainon itatuwa na Minanata. Sai ta tsinki ganye ɗaya, ta ɗaga shi saitin rana, ta ƙura wa jijiyoyinsa ido, leɓɓanta na motsi. Shekara talatin da biyu haka take, har ta ajiye aiki makon jiya. Masu wucewa kan ƙara sauri, wai da iskoki take magana.

Shekara huɗu da suka wuce ta je suna a Gawon Nama. Ana ta cin tuwo, ita kuwa tana bakin rijiyar unguwa, tsaye ƙiƙam gaban wani zogale. Ganyen kore ne, amma jijiyoyin sun yi baƙi-baƙi.

"Kak kowa shi ƙara shan ruwan ga," in ji ta.

Lailatu, mai jego, ta fito a fusace. "Inna, mi munka yi miki? Ranar sunan ɗiyata za ki yi muna baki?"

Dijatu ta karyo reshen lafiyayyen zogale daga wani gida, ta tsoma a kofin ruwan shuni. Da la'asar jijiyoyin ganyen duk sun rine shuɗi.

"Abin da saiwa tas sha, jijiya ka kai shi ga ganye," ta ce. Sai ta kama hannun jaririyar, ta juya shi, ta nuna siraran jijiyoyin wuyan hannun. "Ita ma tana da su."

A ranar aka rufe rijiyar. Da ma'aikatan lafiya suka gwada ruwan, sai ga guba: ashe wani mai gyaran batir ya daɗe yana zubar da ruwan batir a wani rami bayan katanga, daf da rijiyar.

Inna Dijatu, ke ce kika ji abin da ganye ke faɗa, mu kuwa muna gudunki. Mun ji kunya, mun kuma gode. Allah ya saka miki da alheri. Masu tasowa, ku riƙa tsayawa kuna duba aikinku kamar yadda take yi, ko za a ce muku mahaukata.

Jaririyar nan Binta ce. Jiya ta zo wurin Inna da gudu, riƙe da ganyen mangwaro, ta ce a duba mata.