Sarewar Bube a sitidiyon Mai Nasara

Duk wanda ya zauna unguwar da ke bayan kasuwar dabbobi ta Tasawa ya san Bube ga-ruwa. Dogon dattijo ne siriri, yana tura kura cike da jarkoki daga famfo zuwa gidaje. Ba ya son surutu. In ya juye ruwa a randa sai ya ce a sha lafiya, ya fice. Kaɗan ne suka san cewa kafin ya kama kura makiyayi ne.

An haife shi a wata ruga arewa da Alasan Mairairai. Tun yana ƙarami aka sa shi bin maruƙa, da ya tasa ya karɓi garken mahaifinsa. Idan damina ta faɗi manoma suka yi shuka, shi da abokinsa Usman sai su bi burtali su yi arewa da shanu, ba sa dawowa sai an yi girbi. A cikin wannan tafiya ya koyi busa sarewa. Babu wanda ya zaunar da shi. Ya ga manya suna fafe karan dawa suna huda shi da ƙarfe mai zafi, shi ma ya yi tasa. Yakan busa in shanu sun bazu suna kiwo, ko in sun kama hanyar rijiya, har ya zamana kowace saniya da yake ji da ita tana da nata sautin.

Sai aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, ciyawa ba ta yi ba, ta bayanta ma haka. Usman ya yi kudu da nasa garken tun da sauran ƙarfi a jikinsu. Bube ya tsaya, saboda matarsa Zuhura tana kwance ba lafiya, kuma yana sa ran abin zai yi sauƙi. Bai yi ba. Shanu suka rame har sai an taru da sanduna kafin a ta da wadda ta kwanta. Wasu ya sayar wa mahauta suna kwance, ragowar kuma sanyin ruwan farko ya ƙarasa su. Ya kasa zama yana kallon igiyoyin maruƙa babu abin ɗaurewa. Ya kwashi iyalinsa ya sauka Tasawa, kunya ta hana shi jiran Usman su yi sallama. Tun daga lokacin bai sake ɗora sarewa a bakinsa ba, har yaransa suka girma suka watse, gemunsa ya yi fari.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan da Bube yake haya da ɗakin Gazali, wani saurayi ɗan Hawandawaki mai gyaran wayar salula a bakin tasha. Gazali mawaƙi ne, amma ba shi da ubangida. Ba ya waƙar ƴan siyasa, ba ya zuwa bukukuwa. Shi ke tsara waƙoƙinsa, kuma kusan dukkansu a kan mutanen da suka baro ƙauye ne suka kasa komawa. Ya daɗe yana kai su ɗaya bayan ɗaya sitidiyon Mai Nasara, yana so su cika albam.

Wata rana bayan la'asar jikar Bube, wadda aka kawo musu ziyara, ta dame shi da kuka. Ya zaro kara daga danga, ya fafe, ya huda, ya busa don ya ji ko ta yi kafin ya miƙa mata. Niyyarsa busa ɗaya ce, sai yatsunsa suka zarce. Da ya ɗago kai ya ga Gazali ya leƙo ta kan katanga, baki buɗe.

"Baba, kai ne ke wannan busa?"

"Wasan yara ne," in ji Bube. Ya ba yarinyar sarewar.

Gazali bai bar maganar ba. Ya zo da goro, ya zo da ganyen shayi, ya kunna masa waƙoƙinsa a salula. Ya ce akwai wata waƙa da ya kasa gamawa, ta wani mutum mai tuna hanyar garinsu, duk kiɗan da Mai Nasara ya ɗora mata da na'ura sai ta fito kamar waƙar rawa.

"Kai kaɗo, ni ban san waƙa ba," in ji Bube, da sunan da Fulani ke kiran Bahaushe. "Shanu nake yi wa busa, su kuwa sun tafi."

Zuhura ce ta karya shi. Tana tankaɗe a bakin murhu, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, ka je mana. Ni ma rabona da jin ta tun muna ruga."

Sitidiyon Mai Nasara ɗaki ne ƙarami a bayan wani shagon ɗinki. An manna soso a bango, an toshe taga, an raba ɗakin biyu da gilashi. Mai Nasara mutum ne mai ƙiba da fara'a, yana zaune gaban ordinata, wato kwamfuta, da tawul a wuya. Ya shigar da Bube ɓangaren ciki, ya tsayar da shi gaban makirfo, ya kifa masa abin saurare a kunnuwa, sannan ya kashe fanka don kada ƙararta ta shiga. Nan da nan zufa ta keto wa kowa.

"Baba, za ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a kunnenka. Shi za ka bi. In na ɗaga hannu ka fara."

Bube ya fara, amma bai bi ba. Wani wurin ya ja sauti ya yi tsawo, wani wurin ya katse, ƙwas-ƙwas ɗin na tafiya gabas shi yana tafiya yamma. Aka sake, aka kuma sakewa. Ana cikin haka kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ɗakin ya yi duhu, suka fito ƙarƙashin dalbejiya suna fifita da kwali.

Bube ya ce, "Ku yi haƙuri, na ɓata muku yini. Abin nan naku sauri yake kamar mai tsoron mota ta tashi. Ni kuma ƙafar shanu na saba bi. In sun tsaya cin ciyawa na ja, in sun ji ƙanshin ruwa na ƙara sauri."

Gazali ya sunkuya yana wasa da ƙasa. Can ya ce wa Mai Nasara, in wuta ta dawo a cire ƙwas-ƙwas ɗin, a cire ganga, a cire komai. Baba ya busa yadda ya ga dama, shi zai bi shi da murya.

"Waƙa babu kiɗa? Wa zai saurara?" in ji Mai Nasara.

"Ko ni kaɗai ne, a yi ta haka."

Ranar kuran bai dawo ba. Da suka koma washegari Bube ya roƙi a bar shi ya zauna a ƙasa, aka sauko masa da makirfo. Ya cire takalma, ya naɗe ƙafa, ya rufe ido. Da farko sautin ya fito a shaƙe, sai ya buɗe. Gazali da ke tsaye bayan gilashi bai san lokacin da ya dafa kafaɗar Mai Nasara ba. Bube ya gama sauti ɗaya, ya numfasa, ya ce a hankali, kamar mai magana da kansa, "Wannan na Wule ne." Ya shiga wani, ya ce na Saye ne, mai son tsayawa baya. Haka ya yi ta bin shanunsa na da ɗaya ɗaya. Mai Nasara ya kai hannu zai tsayar don a goge maganar, Gazali ya riƙe masa hannu.

Da ya zo kan wata da ya kira Boɗeye, ya fara, sai numfashi ya ƙi. Ya sauke sarewar a cinya. Sannan ya ce, "Ita ce ta ƙarshe. Na ɗaga ta da safe ta tsaya, na je neman ruwa, na dawo na same ta kwance." Ya share fuska da gefen rawani, ya ce ya gaji, a bar shi haka.

Gazali bai rera komai ba ranar. Ya koma gida ya watsar da rabin baitocin da ya tsara, ya sake wasu gajeru, waɗanda za su shiga tsakanin busa da busa ba tare da sun danne ta ba. Aikin ya ɗauki lokaci, domin kuran na zuwa yana tafiya, Gazali kuma sai ya rufe rumfar gyaransa kafin ya samu zuwa. Bube ya riƙa biyowa in ya gama rabon ruwa. Yakan ajiye kura a bakin shagon ɗinki ya shiga ya zauna a lungu, ko da ba a bukatarsa. Sau da yawa yakan ce, "Mai Nasara, maido mini wurin Saye." A maido masa, ya saurara da kai a sunkuye, ya yi godiya ya tafi. A ƙarshe sarewarsa ta shiga waƙoƙi da dama na albam ɗin, amma waccan ta farko aka bar ta yadda take, da sunayen shanun, da wurin da numfashinsa ya yanke.

Albam ya fita ba tare da wani biki ba. Masu tura waƙoƙi a kasuwa suka zuba shi a salular mutane, daga nan ya bi ƴan kabu-kabu masu babur da motocin kasuwa ya shiga ƙauyuka. Matasan gari sun fi son waƙoƙin da ke da ganga. Ta sarewar kuwa a wajen masu kiwo ta samu shiga. Bube da kansa ya taɓa jin ta tana tashi daga aljihun wani mai jan raƙumi, ya sunkuyar da kai ya wuce da kurarsa.

Wata ran kasuwa da hantsi, Gazali na rumfarsa, wani tsoho mai malfa da sanda a kafaɗa ya tsaya a kansa. Ya ce an ce masa nan ne mai waƙar. Ya ce ya ji ta ne a kasuwar Gidan Amumune, a wajen mai cajin salula, kuma tun kafin a ambaci Wule ya san bakin da ke busawa.

"Yana raye?" ya tambaya.

Gazali ya rufe rumfa ya kai shi. Suka sami Bube a bakin famfo yana jiran layi. Da ya ga Usman sai ya saki jarkar da ke hannunsa. Suka riƙe hannun juna suna gaisuwa da Fulatanci, gaisuwar ta ƙi ƙarewa, kowa na kallon ƙasa.

A gida, bayan Zuhura ta kawo fura ta koma ɗaki tana share ido, Usman ya ce, "Na dawo daga kudu na sami kangon rugarka. Na tambaya har na gaji. Wasu suka ce ka yi Agadas, wasu suka ce Kano. Ashe kana nan kusa, kana shayar da kaɗo ruwa."

"Da wane ido zan dube ka, ba ni da ko maraƙi?"

"Da idon da ka dube ni muna yara."

Kafin Usman ya tafi ya ce akwai karsana ja a garkensa, ya ba Bube ita habbanaye, wato aro irin na makiyaya: ta haihu a hannunsa, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma gida daga baya. Bube ya yi ta jujjuya maganar kwana da kwanaki. Gidan haya ba shi da filin ɗaure saniya. Gwiwoyinsa sun riga sun lalace da turin kura cikin rairayi, ƴaƴansa kuma ɗaya na tuƙin mota, ɗaya na Libiya, babu mai riƙe sanda. Ya aika wa Usman cewa ya karɓa da godiya, amma ta zauna a cikin ƴan uwanta, shi zai riƙa zuwa.

Haka ake yi har yanzu. Da rani, in garken Usman ya sauko gonakin da ke kewayen Gidan Amumune cin kara, Bube kan hau motar kasuwa, ya ƙarasa da kabu-kabu, ya yini a cikinsu. Yakan shafa wuyan karsanar, ya cire mata kaska, ya duba haƙoranta. Ya sa mata suna, ya fara neman sautin da zai dace da ita, bai gama samu ba.

Bana da ruwa ya sauka ya je yi musu rakiya. Ƴaƴan Usman suka ɗaure kaya a kan jakuna, garke ya hau burtali. Usman ya ce ya zo su tafi, za a ɗora shi a jaki in ƙafa ta gaza. Bube ya bi su har inda gonaki suka ƙare, nan gwiwa ta tsayar da shi. Ya jingina da wata bagaruwa ya kira karsanar da sunanta. Ta ɗan juyo da kunne, sannan ta bi sauran.

Da ya dawo Tasawa Gazali ya tambaye shi yadda aka rabu.

"Ba ta riƙe muryata ba tukuna," in ji Bube. "Yini ɗaya-ɗaya ba ya isar saniya ta san mutum. In sun sauko da kaka zan roƙi Zuhura ta bar ni in yi mako a can."