Malam Barau Bai Cire Kwamfutar Alhaji Ba

"Ranka shi daɗe, ba zan cire ba."

Abin da Malam Barau ya faɗa wa shugaban ƙungiyarmu ta manoma ke nan, a ofishin Kankara, yana rusune. Alhaji so yake a zare kwamfutarsa daga dokokin da ke kan sauran, ya riƙa soka filash yana kwasar aiki zuwa gida.

Aikin Malam Barau, mai kula da kwamfutocinmu, ba ya ɗaukar ido. Kwamfutocinmu na Kankara da Faskari da Sabuwa duk a haɗe suke da wata babba. Ma'aikaci na shigar da sunansa da lambar sirri, sai babbar ta aiko da dokoki: ba filash, ba sauke manhaja, in ka tashi allo ya kulle. Amma mu nan, wanda ya riga zuwa shi ke shiga, sauran su yi ta aiki da sunansa, don ba mai iya ce wa babba ya tashi. Wani lokacin kuma a shiga kafin sabis ya kawo, dokokin su maƙale a hanya. Sai Malam Barau ya hau babur, ya bi hanyar Sheme da kowa ya san halinta, har ofishin da abin ya faru, ya sami ma'aikaciyarmu.

"Hajiya Barakatu, fita ki sake shiga."

"Kai Malam! Tun daga Kankara don wannan?"

"Don wannan, Hajiya."

A cikin kwamfutocin nan akwai sunan kowane manomi da ya sayar da masara, da ƙauyensu, da lambar wayarsa. Mun san masu neman irin wannan labari a dajin nan, mun san abin da ke biyo baya. Shi ya sa Malam Barau ya ce wa Alhaji, "Ba kai nake zargi ba. Filash faɗuwa yake daga aljihu."

Malam, kai ne ka gaji har muka gani a tafiyarka. An yi maka tsawa gaban waɗanda ka girma, an daina amsa gaisuwarka, ba ka sassauta ba. Na gode, kuma da sunana na rubuta. Wanda ya ji haushi ya san teburina. Duk wanda za a damƙa wa aikin nan, ya riƙe shi kamar yadda ka riƙe.

Sai dai mai shi ya san tun yanzu abin da riƙon zai jawo masa. Ba a sabunta wa Malam Barau kwantiragi ba. Ƙarshen watan nan zai ajiye makullai, ga iyali, ga ciwon gwiwa, kuma bai samu wani aikin ba tukuna.