Kwalbar Inna Kulu

Me maigidana zai gano da an bar masa kwalaben nan? Na tsufa da wannan tambaya, ban sami mai amsa mini ba.

Shekarar da aka sami 'yancin kai jami'a ta turo shi Bagudo, ya binciki tarin da ke kashe mata masu bandar kifi a ƙauyukan bakin Kogin Kwara, har iyakar Dahome. Baƙon namiji ba ya wuce zaure, sai aka ɗauke ni aiki. Ni ke bin mata da ƙananan kwalabe, kowace ta tofa kakinta a ciki. Shi kuma ya manna lamba, ya duba a madubinsa mai girmama ƙananan abubuwa, ya ajiye don kaiwa Ibadan. Yakan ce mini a naman mutum akwai ƙananan murhu da ido ba ya gani, numfashi ne ke hura su, kuma yana zargin hayaƙin banda ne ke kashe su. Wuni yake yi a rumfunan banda yana auna hayaƙi. Kafin damina ta biyu, tarin ya kama shi.

Ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da Inna Kulu, wata mai banda a bayan Kende, ta rasu. Ɗanta ya iso yana haki.

"Malam, kwalbar tsohuwa niz zo amsa. Ba mu rufe mutum mu bar wani abu nai waje."

Malam ya miƙa masa, ya yi masa gaisuwa.

Washegari ƙofarmu ta cika. Kowa na son tasa. Wani dattijo ya ce, "In matata ta mutu kana Ibadan da nata, wa ka kawo muna shi?"

Malam ya roƙe su har muryarsa ta dushe. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, kai mai neman maganin tari, ji naka ya hi namu ƙara!" Aka yi dariya. Shi ma ya yi, ya tofar, na ga jini.

Da hannunsa ya raba musu, kowa ya je ya binne tasa. Aikin damina biyu ya koma ƙarƙashin ƙasa a bayan ɗakuna.

Ku da ke wannan aiki yanzu, abin da kuka karɓa daga jikin mutum aro ne, mai shi zai dawo nema. Mu ba mu sani ba.

Malam bai sake tashi ba. Ina shafa masa man shanu a ƙirji ya riƙe hannuna, ya ce, "Hauwa, wanke kwalaben da sunka rage. In na samu sauƙi, daga Kende za mu soma."