Ramin Gawayi a Fadamar Goronyo

Muna sallame sallar asuba munka bar Maikujera, ni da ɗiyata wadda ta karanci gyaran kayan lantarki. Manoman shinkafa na Goronyo sunka kira ta, ni kuwa na bi ta rakiya. Suna da wata na'ura mai fitar da siririn jan haske, leza ake ce mata. Tarakta na bin hasken tana daidaita gona, don ruwa ya kwanta ko'ina daidai. Ƙwayar da ke ba da hasken ta ƙone har sau biyu. Saura guda tak a jakar ɗiyata, ga shi ana gab da sako ruwa daga dam. In wannan ta ƙone, a karkace za a shuka gonakin bana.

Hanyar Rabah ta jijjiga mu ba laifi. A Wurno munka karya kumallo da kunu da ƙosai. Ga albasa da tafarnuwa tsibi-tsibi bakin titi, da araha, har na ji haushin ƙanƙantar jakata. Nan ɗiyata ta sayi gawayi da gishiri. Na ce ko gashin kifi za mu yi, ta yi murmushi kawai.

Da hantsi munka isa fadama, kore shar, mutane masu fara'a. Ɗiyata ba ta taɓa na'urar ba sai da ta nemi wayar ƙasa, wadda ke kwashe ɓatacciyar wuta ta kai ta cikin ƙasa. Ashe ga turken ƙarfe na ɗaure bijimi anka ƙulla ta, cikin busasshen yashi. Kullum da safe mai bijimin na tuge turken ya gusa inda ciyawa take, a bar waya yashe.

Ta sa anka gina rami inda ke da damshi, anka kafa sandar jan ƙarfe, anka cika da gawayin nan da gishiri, don ɓatacciyar wuta ta samu hanyar shiga ƙasa. Ta ɗaura wata waya daga wuyan hannunta zuwa sandar. Na matso kallo, ta ce, "Inna, ɗan ja baya, tartsatsin wutar da hijabinki ke tarawa ma na iya kashe ƙwayar."

Kafin ta sa ƙwayar, ta daɗe tana awo, ta yanke wa wutar iyakar da ba za ta wuce ba. Da haske ya fito, dattijon manoman ya ɓata rai.

"Ɗiyata, mi ya sa ya yi rauni haka? Mai gyaran da ya riga ki zuwa murɗawa yake, ya ƙara wuta har mu gan shi da tsakar rana."

"Baba, abin da ya ƙone biyun ke nan. Ba idonmu za shi bi hasken ba, tarakta ce."

Ya ja gefe ya zuba ido. Tarakta ta tashi, garmarta na sauka tana hawa ita kaɗai. Har la'asar hasken bai ƙifta ba. Dattijon ya nemo kwaɗo da kanshi ya kulle murfin wurin murɗawar.

Da magariba munka iso gida. Ni da na koyi karatu da girma, lambobin awonta sun fi ƙarfina. Amma na gane rabin aikin nan hana wuta wuce kima ne. Na kuma ga ɗiyata ta ce wa babba a'a, muryarta a ƙasa, ya kuwa karɓa.